TUN RAN GINI RAN ZANE: FAYIF DA WAYAR LANTARKI A SABABBIN GIDAJENMU

Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara



Gabatarwa

Lokacin da kwamitin shirya wannan taro ya aiko mini da takardar gayyata, an ba ni zaɓi in yi magana a kan duk abin da ya shafi wutar lantarki a yankinmu. Na san da yawa daga cikinku sun zaci zan yi magana ne a kan taransifomar da ta ƙone, ko turakun da iska ta kayar, ko kuɗin wutar da ake kawo mana ba tare da mun ga wutar ba. Waɗannan duka matsaloli ne na gaskiya, amma maganinsu yana hannun wasu. Ni kuwa na zaɓi in yi magana a kan abin da maganinsa yake hannunmu, wato ɗan siririn fayif ɗin roba da ake binnewa a cikin bango lokacin gini, da wayar da ake zurawa a cikinsa. Wani zai ce wannan ai ƙaramin abu ne da bai kai a tara manyan mutane a kansa ba. To, Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Na shafe fiye da shekara talatin ina aikin wuta, kuma mafi yawan gidajen da aka kira ni gyara bayan wuta ta yi ɓarna, na tarar asalin ɓarnar tana cikin bango, an binne ta tun ranar da aka yi filasta.

Inda alhakin kamfani ya tsaya

Ya kamata mu fara da sanin iyakar alhakin kowa. Dattawan cikinmu sun ga zamanin hukumar ECN, sannan aka kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, har zuwa watan Nuwamba na 2013 da aka miƙa rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO. Sunaye sun canza, amma ƙa'ida ɗaya ba ta canza ba: alhakin mai kawo wuta yana tsayawa ne a kan mita. Daga mita zuwa ɗakin da 'ya'yanka suke kwana, alhakin naka ne kai maigida, da kuma mai aikin wutar da ka ɗauka.

Yankinmu ba baƙon manyan ayyuka ba ne. A ƙasar Bebeji aka gina dam ɗin Tiga tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, kuma daga baya gwamnatin jiha ta ɗauki aikin tashar samar da wuta mai ƙarfin megawat 10 a jikinsa. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara harkar wutarsu da kansu. Duhun da ya lulluɓe yawancin Arewa na tsawon kwanaki a watan Oktoba na 2024, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, ya sa mutane da dama sun koma ga sola. Abin nufi a nan shi ne, wuta tana ƙara shigowa gidajenmu ta ƙofofi uku: ta kamfani, ta janareta, da ta rana. Kayan da muke jonawa su ma sun ƙaru. Gidan da a da ƙwan fitila uku da rediyo ne kaɗai a cikinsa, yau akwai firji da fanka da dutsen guga da hita da injin jawo ruwa. Amma har yanzu fayif ɗin da muke binnewa shi ne irin na zamanin ƙwan fitila uku.

Abin da na gani da idona

Bari in ba ku labarin wani gida, ba tare da na ambaci suna ko gari ba, domin mai gidan ɗan'uwanmu ne, kuma abin da ya same shi zai iya samun kowa. Manomi ne mai rufin asiri. Ya yi shekara huɗu yana gini, duk kaka idan ya sayar da masara da shinkafa sai ya ƙara wani abu. A shekara ta biyu aka sa fayif aka yi filasta. Aka bar bakunan fayif ɗin a buɗe har shekara biyu. Da aka zo zura waya, sai ta ƙi shiga. Fayif ɗin siriri ne, an lanƙwasa shi da wutar takardar siminti har ya tsuke a kowace kwana, ga kuma zanzaro ya yi gini a ciki. Yaron da ke aikin bai so ya ce wa maigida a fasa bango ba, saboda kunya da kuma tsoron a ce bai iya aiki ba. Sai ya shafa wa wayar baƙin mai, ya ɗaura ta a jikin sanda, ƙarti uku suka taru suka ja har ta fito. Aka jona wuta, fitilu suka kama, aka yi murna, aka tare.

Rani ya wuce lafiya. Da damina ta yi nisa bango ya sha ruwa, sai uwargida ta fara cewa ƙofar ƙarfen banɗaki tana jan ta. Maigida ya ce almara ce irin ta mata. Ran nan 'yarsa mai shekara shida ta fito daga wanka ba takalmi, ta dafa ƙofar, wuta ta riƙe ta. Allah ya sa wanta yana kusa da janareta, ya yi maza ya kashe. Yarinyar ta rayu, amma ta yi jinya, kuma har yau akwai tabo a tafin hannunta. Da aka kira ni na zaro wayar, sai na tarar robarta ta saɓule kusan tsawon taƙi guda a daidai kwanar da fayif ya tsuke kuma ya fashe, jan ƙarfen yana kwance tsirara a jikin jiƙaƙƙen siminti. Babu wayar ƙasa a gidan ko ɗaya. Bangon da aka ji kunyar fasawa a wuri ɗaya, sai da muka fasa shi a ɗaki huɗu, bayan an yi fenti an sa tayil. Kuɗin gyaran ya ninka abin da aka yi tattali sau da yawa, kuma wannan shi ne mafi sauƙin hasarar. Araha ba ta ado.

Me ya sa ake sa fayif?

Fayif yana da aiki uku. Na farko, yana kare waya daga danshi da siminti da ƙusa da haƙorin ɓera. Na biyu, yana ba da damar a zare tsohuwar waya a zura sabuwa, ko a ƙara wata, ba tare da an taɓa bango ba. Na uku, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, shi ne ya bar wa waya sararin da za ta fitar da zafinta. Duk wayar da wuta ke bi ta cikinta tana yin ɗumi, kuma idan ƙarfin wutar da ke bi ya ninka sau biyu, zafin yana ninkawa sau huɗu ne. Robar da aka lulluɓe wayar gida da ita an yi ta ne ta jure zafin da bai wuce digiri 70 ba a ma'aunin Salshiyos. Idan ta daɗe tana wuce haka sai ta bushe, ta yi tauri, ta tsattsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka ne ƙa'idar aiki ta ce kada wayoyi su cika fiye da kashi 40 cikin 100 na cikin fayif. Fiye da rabin fayif ya kamata ya zauna fanko. Wanda ya ga fili a fayif ya ce an yi asarar wuri, bai fahimci aikin ba. Wannan filin shi ne numfashin wayar, kuma shi ne hanyar wucewarta.

Fayif ɗin da aka fi amfani da shi a gidajenmu iri biyu ne, mai faɗin milimita 20 da mai 25. A ido bambancin kaɗan ne, amma cikin mai 25 ya fi na mai 20 da fiye da rabi. Jadawalin ƙa'idojin wayarin na Ingila, waɗanda a kansu aka horar da yawancin ma'aikatan wuta a Nijeriya, ya nuna cewa fayif mai milimita 20, idan gajere ne da bai wuce mita 3 ba kuma miƙaƙƙe, zai ɗauki waya mai kaurin 2.5 har guda goma. Amma idan tsawonsa ya kai mita 10 kuma yana da kwana biyu, bai kamata ya ɗauki fiye da huɗu ba. Fayif ɗaya ne, waya ɗaya ce, tsawo da kwana ne suka rage shi daga goma zuwa huɗu. Wannan shi ne abin da mai koyo ba ya sani, har sai waya ta maƙale masa a tsakiyar bango.

Ɗan lissafi kaɗan

Ina neman afuwar iyayenmu, zan ɗan yi lissafi, domin a nan gaskiyar maganar take. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Butar dafa ruwa mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9. Waya mai kaurin 2.5, wadda ake yi wa soket da ita, idan tana cikin fayif a bango tana ɗaukar amfiya 24. To amma an ƙayyade wannan adadi ne a kan yanayin zafin digiri 30, kuma da sharaɗin layi ɗaya ne kaɗai a cikin fayif ɗin. Mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yana kai digiri 40, balle a cikin silin ƙarƙashin rufin kwano. A digiri 40, amfiya 24 tana komawa kusan 21. Idan kuma aka cusa layi uku a fayif ɗaya, kowanne yana ɗumama ɗan'uwansa, sai a sake rage kashi 30 cikin 100, ya zama saura ƙasa da amfiya 15. Yanzu a jona buta da dutsen guga da firji a kan wannan layi. An wuce ƙarfin wayar, amma birekar da aka sa mata mai amfiya 30 ba za ta katse ba, domin a wurinta komai lafiya. Haka wayar za ta yi ta dahuwa a ɓoye, wata da watanni, har ranar da za ta kama silin cikin dare. Washegari sai a ce wuta ce aka kawo da ƙarfi.

Ƙa'idar kaurin waya a gida sananniya ce: 1.5 domin fitilu da fanka, 2.5 domin soket, 4 domin na'urar sanyaya ɗaki da hitar wanka, 6 domin murhun lantarki, sannan 10 ko 16 daga mita zuwa akwatin rarraba wuta, gwargwadon girman gidan da nisan wurin. Kowane layi kuma da birekar da ta dace da kaurin wayarsa, domin aikin bireka shi ne kare waya. Wanda fis ɗinsa ya ƙone ya ɗaura masa guntuwar waya mai kauri don kada ya sake ƙonewa, ya kori maigadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Yadda ake shimfiɗa fayif

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wahalar jan waya ko sauƙinsa ana yanke hukuncinsa ne tun ranar da ake shimfiɗa fayif, kafin filasta. Ga abubuwan da nake roƙon kowane mai gini ya tsaya a kansu da kansa.

Da farko, a zauna a tsara kafin a sassaƙa bango. Maigida da uwargida da mai aikin wuta su zaga ginin ɗaki-ɗaki, a san inda gado zai zauna, da inda firji zai tsaya, da inda za a yi girki. Uwargida ta fi kowa sanin inda ake bukatar soket, kuma rashin tambayarta shi ke sa a cika gida da wayoyin jone-jone a ƙasa inda yara ke rarrafe.

Na biyu, fayif ya tafi a miƙe, ko dai a tsaye daga soket ko makunni zuwa sama, ko a kwance kusa da silin. Kada a ratsa bango a karkace don rage tsawo, domin wanda zai buga ƙusa bayan shekara goma ba zai san inda waya ta bi ba.

Na uku, kada kwana ta wuce biyu tsakanin akwati da akwati. Idan hanya ta yi tsawo ko ta yi kwane-kwane, a sa akwatin da za a iya buɗewa a tsakiya. A lanƙwasa fayif da sifirin ɗin da aka yi domin haka, wanda ake zurawa a ciki don kada ya tsuke, kuma kwanar ta zama mai faɗi kamar bakan gizo. Gasa fayif da wuta yana tsuke cikinsa, yana kuma sa shi ya yi saurin fashewa.

Na huɗu, duk inda aka yanke fayif a kankare bakin ya yi sumul, domin kaifin bakin fayif yana feƙe robar waya kamar yadda wuƙa ke feƙe rake. A haɗa fayif da fayif da mahaɗinsa da gam, kada a tura wani cikin wani. Inda za a zuba kankare a kai, a sa fayif mai kauri, a ɗaure shi da rodi, kuma mai aikin wuta ya tsaya a wurin ranar zubin, domin baro da takalman leburori suna taka fayif su murƙushe shi.

Na biyar, wannan ya fi shafar mu da muke gini kaka-kaka: a zura igiyar leda mai ƙarfi a cikin kowane fayif tun ranar da aka sa shi, a bar ta a ciki, sannan a toshe bakunan da kyau. Wannan zai hana siminti da ƙasa da zanzaro shiga, kuma ko bayan shekara biyar aka zo, igiyar tana nan tana jiran waya.

Na shida, a bar fayif ɗaya ko biyu fanko, masu faɗin 25 ko fiye, daga rufi zuwa inda za a ajiye batir da inbata, da kuma daga ɗakin janareta zuwa akwatin rarraba wuta. Wayar sola tana da kauri, kuma ba a haɗa ta fayif ɗaya da wayar wutar gida. Haka wayar talabijin da ta intanet, su ma hanyarsu daban. A duk kayan wayarin babu abin da ya kai fayif araha, kuma babu abin da ya kai shi tsadar canzawa bayan an yi filasta.

Na bakwai, kafin birkila ya rufe bango, a ɗauki hoton kowane bango da wayar hannu, a adana. Wannan hoto taswirar gidanka ce, 'ya'yanka ma za su amfana da ita.

Yadda ake jan waya

Idan aka zo ranar zura waya, sai a tuna cewa sauri ya haifi nawa. A bari filasta ta bushe, a share cikin fayif ta hanyar jan ɗan tsumma a jikin igiya. Aikin na mutum biyu ne: ɗaya yana ja a hankali, ɗaya yana miƙar da wayoyin yana turawa daga ɗaya bakin, suna magana da juna. A warware waya ta hanyar juya naɗin, kada a zaro ta daga gefe, domin haka ke sa ta murɗe ta yi ƙulli. Duk wayoyin da za su bi fayif ɗaya a ja su tare lokaci guda, domin wadda aka ja daga baya tana goge robar waɗanda suka riga ta. A ɗaura kawunansu a jikin igiyar ja ɗaya bayan ɗaya, ba duka a wuri ɗaya ba, a naɗe da tef ya yi tsini kamar kan allura. Idan ana bukatar santsi, a sa hoda ko man da aka yi domin wannan aiki. Baƙin mai da giris suna lalata robar waya a hankali.

Idan waya ta tsaya, kada a ƙara ƙarfi. A dawo da ita baya, a nemi dalili. Ruwa ba ya tsami banza. Wayar da aka ja da ƙarfin tsiya, ko dai robarta ta saɓule, ko jan ƙarfen ya miƙe ya sirance, kuma duka biyun ba a ganinsu daga waje. Gara a fasa taƙi ɗaya na bango yau da a fasa ɗaki huɗu gobe. Haka kuma haramun ne a aikinmu a yi jonin waya a cikin fayif. Duk wani joni a cikin akwati ake yinsa, inda hannu zai kai. A bar rarar waya kamar santimita 15 a kowane akwati saboda gyaran gaba.

Waɗanda gidajensu ginin ƙasa ne, su ma wannan magana ta shafe su. Maimakon a buga waya tsirara a jikin azara inda gara da ɓera suke, musamman a ɗakunan da ake ajiye hatsi, a bi da ita cikin fayif a kan bango a ɗaure da kilif. Ya fi tsabta, ya fi aminci.

Jabun waya

Ko an bi duk waɗannan ƙa'idoji, idan wayar jabu ce aiki ya ɓaci. A kasuwa akwai wayar da cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Alminiyam ba ya ɗaukar wuta sai kimanin kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi yake ɗauka, ga shi da saurin karyewa wajen ja. Akwai kuma wadda aka rubuta 2.5 a jikinta alhali ba ta kai ba, da wadda aka ce mita 100 ce amma ta gaza. Gane su ba wuya. A kankare bakin wayar da wuƙa. Idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, jabu ce. A kuma ɗora naɗin a kan sikeli: jan ƙarfen da ke cikin mita 100 na waya mai kaurin 2.5 shi kaɗai ya kai kusan kilo 2.2, ban da nauyin roba. Naɗin da bai kai haka ba gaba ɗayansa, a ajiye wa mai shi kayansa. A duba tambarin ingancin hukumar SON, a sayi kaya wurin wanda aka sani, a karɓi rasit.

Wayar ƙasa da gwaji

Yankinmu, musamman Tudun Wada da Doguwa har zuwa duwatsun Riruwai, ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, saboda haka bangonmu ya fi daɗewa da danshi. Wannan ya sa wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, ta zama wajibi a kowane soket, a haɗa ta da sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa mai laima. Tare da ita a sa na'urar da ke katse wuta da zarar ta fara zurarewa, mai awon miliamfiya 30, wadda take yanke wuta cikin ƙiftawar ido idan ta bi ta jikin mutum. Da akwai waɗannan biyu a gidan da na ba ku labari, da tun ranar da ƙofa ta fara jan uwargida wutar ta katse kanta. Mai janareta kuma ya sa makunnin sauya layi, don kada wutarsa ta koma kan turaku ta kashe ma'aikacin da ke gyara a sama.

Daga ƙarshe, kamawar fitila ba ita ce shaidar aiki ya yi kyau ba. Kafin a jona wuta, akwai na'urar da ake gwada lafiyar robar waya da ita a kan bolt 500, wadda take tona asirin duk wata saɓulewa da ke ɓoye a bango. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke da alhakin duba ayyukan wayarin da ba masu aikin takardar shaidar ƙwarewa. Tambayar mai aiki takardarsa ba cin fuska ba ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Shawarwari ga ƙungiya

Mai girma shugaban taro, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina gabatar wa wannan ƙungiya shawarwari biyar.

Na ɗaya, a buɗe rajistar masu aikin wuta 'yan yankinmu da ke da takardar shaida, a ajiye kwafi a wurin kowane dagaci, domin mai gini ya san wanda zai kira.

Na biyu, ƙungiya ta ɗauki nauyin wasu matasa duk shekara zuwa Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da ke Bagauda, wadda take nan a ƙofar gidanmu, ta kuma taimaka wa waɗanda suka koyi aikin a hannun iyayen gidansu su zauna jarrabawar gwajin sana'a. Yaron da ya ja waccan waya da ƙarti uku ba mugu ba ne. Ba a koya masa ba ne.

Na uku, a sayi na'urar gwajin waya guda ɗaya a kowace ƙaramar hukuma daga cikin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ta zama ta ƙungiya, ana ara da ɗan kuɗi kaɗan.

Na huɗu, duk ginin da ƙungiya ta sa hannu a cikinsa, aji ne ko ɗakin shan magani ko masallaci, kada a yi filasta sai ƙwararre ya duba fayif, kada kuma a biya kuɗin ƙarshe sai an yi gwaji an rubuta sakamakon. Mu fara da kanmu, sauran jama'a za su yi koyi.

Na biyar, 'yan'uwanmu da ke aiki a birane suna aiko da kuɗin gini gida, su daina biyan mai aikin wuta a dunƙule da kaya da lada. A rubuta yarjejeniya, a fayyace faɗin fayif da kaurin waya da adadin layuka, a biya lada mai kyau. Wanda ya matse mai aiki a lada, mai aikin zai matse fayif.

Kammalawa

'Yan'uwa, motar kashe gobara tana da nisa da yawancin garuruwanmu. Kafin ta iso wani ƙauye a bayan dajin Falgore, abin da za ta tarar toka ce. Saboda haka a wurinmu rigakafi bai fi magani kawai ba, kusan shi kaɗai ne maganin. Mutum yakan yi shekara goma yana tara gumi don ya gina inda iyalinsa za su kwanta cikin kwanciyar hankali. Muna kashe kuɗi a kan fenti da tayil da ƙofar gida saboda su ake gani, muna tsuke hannu a kan abin da ke cikin bango saboda ba a ganinsa, alhali kuwa shi ne yake kwana da 'ya'yanmu. Ina roƙon duk wanda yake da gini a hannu yanzu, idan ya koma gida ya je ya leƙa bakin fayif ɗinsa, ya auna faɗinsa, ya ƙirga kwanoninsa, ya toshe shi. Wanda kuma ya riga ya tare, idan ya ji ƙofa ko famfo yana ja, ko ya ji ƙaurin roba, ko soket ya yi baƙi, ya kashe wuta daga akwati ya kira ƙwararre a ranar, kada ya jira gobe. Iyayenmu mata, ku ne kuka fi zama a gida, ku ne kuke fara jin waɗannan alamomi. Ku faɗa, kuma mu maza mu saurara. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

  Allah ya tsare mana gidajenmu da iyalanmu, ya bunƙasa yankinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.